Shaidar Mai Ciwo a Kan Cikinsa

Akwai wani nau'in ciwon ciki da gwajin jini ba ya nuna shi, hoto ba ya kama shi, kuma ko an zura na'urar leƙa hanji sai a tarar babu gyambo babu ƙari, alhali mai shi yana fama da murɗa da kumburi da iska, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita, har tsawon watanni ko shekaru. Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffan IBS, wato ciwon hanji mai saurin tunzura, kuma abin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne tangarɗar tana cikin saƙonnin da ke kai-komo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, ta yadda motsin da wani ba zai ma lura da shi ba, shi wannan zai ji shi da zafi. Tun da babu alamar da ido zai gani, duk abin da aka sani game da tsananin cutar daga bakin majinyaci ya fito, kuma a nan ne tsohuwar tambaya take tasowa: shin maganar mutum a kan abin da shi kaɗai yake ji tana zama hujja, kuma ana iya auna ta?

Masana sun amsa da tsara tambayoyi. Ƙa'idojin Rum na huɗu, waɗanda aka fitar a 2016, sun sharɗanta ciwon ciki na aƙalla kwana 1 a mako cikin watanni 3 na baya, tare da aƙalla biyu daga cikin abubuwa uku: alaƙarsa da bayan gida, sauyin yawansa, ko sauyin kamanninsa. Tun a 1997 Francis da Morris da Whorwell suka fito da ma'aunin tsanani a Mancesta ta Ingila, mai tambayoyi 5 da maki daga 0 zuwa 500, inda abin da ya haura 300 yake nufin ciwo mai tsanani. Sai dai binciken Gidauniyar Rum a ƙasashe 33, wanda aka buga a 2021, ya nuna yadda adadin masu IBS yake bin siffar tambaya: cikin waɗanda suka amsa ta intanet, ƙa'idojin 2016 sun ba da kashi 4.1 cikin ɗari, waɗanda suka gabace su na 2006 kuwa kashi 10.1, a ƙasashen da aka bi gida-gida kuma, har da Nijeriya, adadin ya sauka zuwa 1.5 da 3.5. Ƙasashen sun bambanta ta fuskoki da dama, amma yana da wuya a kore cewa mutum yana faɗa wa allon waya abin da ba zai faɗa wa baƙon da ke zaune a zaurensa ba.

Wannan zato yana ƙara ƙarfi a gari irin Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune da ke kan hanyar Potiskum zuwa Damaturu. Mai irin wannan ciwo yakan iso asibiti ne bayan ya bi ta kemis da mai maganin gargajiya, an ce masa olsa ce, an ce taifot, an ce basir, ya sha ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe ba adadi. In an tambaye shi ya jiki, amsar da tarbiyya ta sa masa a baki ita ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da hannunsa yana dafe da mara. In mace ce a gaban ma'aikaci namiji, kuma mijinta ko ɗanta ne ke mayar da Fulatancinta ko Karekarenta zuwa Hausa, to zancen kamannin bayan gida ba zai fito ba sai an sha wuya, domin an raine ta a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wanda ya ce mata ta zaɓi lamba tsakanin 0 da 10, abin da zai rubuta gauraye ne na ciwo da kunya da haƙuri, ba tare da ya san rabon kowanne ba.

Ko an cire kunya, sauran matsala tana nan. Bakwai ɗin da Bafulatanin Jajere ya faɗa da bakwai ɗin ɗan kasuwar Potiskum kamar mudu biyu ne da ba a taɓa gwada su da juna ba, kuma babu sarkin awo da zai iya gwada su. Masanin falsafa Ludwig Wittgenstein, a littafinsa da aka buga a 1953, ya nuna cewa kalmar ciwo ba daga wani abu ɓoyayye a cikin mutum take samun ma'ana ba, daga rayuwar da ake tarayya a cikinta take samu, wato nishi da yamutsa fuska da barin aiki da kulawar dangi. Abin da ya biyo bayan haka shi ne lamba ta fi amfani wajen gwada mutum da kansa, jiyansa da yau ɗinsa, shi ya sa masu ma'aunin 1997 suka ɗauki raguwar maki 50 a mutum guda a matsayin sauƙi na gaske.

Fiƙihu ya riga likitanci zuwa wannan mashiga, kuma hanyarsa ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa ya kawo shaidu, amma malamai sun keɓe abin da ba a iya saninsa sai ta bakin mai shi, suka kafa hujja da aya ta 228 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana mata ɓoye abin da ke cikin mahaifarsu, suka ce hanin ɓoyewa dalili ne na cewa maganarsu karɓaɓɓiya ce, amana ce aka ba su. Mafi kusa da wannan ciwo shi ne hukuncin salas, wato fitar fitsari ko iska ba da ikon mutum ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Borno da Yobe, in abin ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye, alwalarsa ba ta warwarewa, in kuwa bai kai rabi ba tana warwarewa. Babu mai tsaya masa gadi. Shi ne zai ƙirga, shi ne zai yanke, tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin lura a nan shi ne malamai ba su ce ya kimanta tsananin abin da yake ji ba, sai suka ɗora hukuncin a kan lokaci, wanda kowa ke ƙirgawa da ƙirga iri ɗaya.

Saura zancen haƙuri, wanda mutane da yawa suke ɗauka cewa bayyana ciwo yana rage ladansa. Ibn Ƙayyim ya rarrabe tsakanin kai ƙarar Mahalicci wurin halitta da kuma sanar da likita halin da ake ciki don neman magani, ya ce na biyun bai saɓa wa haƙuri ba, kuma ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci ciwon kansa da zafin zazzaɓinsa a gaban iyalinsa da sahabbansa. Wanda aka ba amanar labarin jikinsa, rage shi tauye amanar ne kamar yadda ƙara shi yake.

Nauyin da ya fi girma yana kan mai tambaya. Manomin da ba zai iya cewa ciwonsa shida ne ko takwas ba zai iya faɗin kwana nawa ya tashi da shi tun Juma'ar da ta wuce, salloli nawa ya sake wa alwala, sau nawa ya bar jam'i don tsoron cikinsa, da ko ya iya zuwa gona; mace kuma ta fi sakin baki ga mace in an fitar da ɗan rakiya. Gaskata majinyaci kuwa bai ɗauke wajibcin bincike ba, musamman inda tsutsar ciki da atuni suka yawaita: jini a bayan gida, rama, zazzaɓi, ƙarancin jini, gudawar da ke tayar da mutum cikin dare, ko ciwon da ya fara bayan shekara 50, duk suna buƙatar gwaji, kuma in ya kama a tura shi Potiskum ko Asibitin Koyarwa na Damaturu kafin a kira abin da ke damunsa IBS.