Ƙwayar Magani da Mas'alar Zaɓin Bawa

Daga cikin mas'alolin da malaman tauhidi suka daɗe suna saɓani a kansu, tun zamanin Jabariyya masu cewa bawa tilasta masa ake yi, da Ƙadariyya masu cewa shi ke halittar aikinsa, har Imamu Ash'ari ya zo da maganar kasabi ya tsaya a tsakani, babu wadda ta sauko daga littafi ta shiga gonakin ƙasar Faskari kamar mas'alar zaɓi; domin duk wanda ya zauna a kasuwar Sheme ko ta 'Yankara da damina, ya ga ɗan ƙwadago ya tsaya wurin mai kemis da sassafe ya sayi tiramol tun bai sayi koko ba, lalle zai tambayi kansa ko yaron nan yana da sauran iko a kan hannunsa.

Galibin masu shan ƙwayar ba da niyyar saɓo suka fara ba. Ciwon baya ne bayan huɗar masara, ko rashin barcin wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu. Tiramol kuwa magani ne na haƙiƙa, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977, likita yana rubuta miligiram 50 ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa ƙasarmu yakan kai 225. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4 da dubu 600 a Nijeriya suna shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba, kuma a shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin.

Allah Ta'ala, cikin hikimarSa, Ya sanya wa ƙwaƙwalwa wata hanya ta sakamako, wadda ke zubo wani sinadari mai suna dofamin duk sa'ad da mutum ya sami abin da rayuwarsa ke bukata, kamar abinci ga mayunwaci ko ruwa ga mai ƙishirwa, domin ta riƙe wurin da lokacin, ta sake tura shi can gobe. A 1954 wasu masana biyu a Kanada, Olds da Milner, suka sa wa ɓera waya a wannan gurbi, sai ya dinga danna maɓallin da ke taɓa shi ba ƙaƙƙautawa. Haka nan jiki yana da nasa maganin zafi da yake yi wa kansa, kuma a mazaunin wannan magani ne tiramol da kodin ke sauka, su saki dofamin fiye da ƙima. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta yarda da wuce haddi, sai ta rage jin nata, har ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu. Ranar da aka rasa kuma, ka ga saurayi yana hamma ba iyaka, hawaye da majina suna zuba, gumi ya jiƙa riga, gaɓoɓi suna ciwo, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken Kent Berridge na Jami'ar Mishigan, cewa sha'awar abu dabam, jin daɗinsa dabam: sha'awar tana ƙaruwa alhali daɗin ya daɗe da tafiya. Saboda haka idan mashayi ya rantse maka cewa ya tsani ƙwayar, gobe ka gan shi wurin mai kemis, kada ka yi gaggawar kiransa munafuki.

To, shin taklifi ya faɗi daga kansa? Ni dai ban ga haka ba, domin hankalinsa yana nan, nafsin nan mai zargi kuma tana raye, ita ce ma take sa shi kuka. Sai dai zaɓinsa ya ƙuntata, kamar turbar gona da ciyawa ta cinye, ana iya bi amma da wahala. Imamu Gazali ya bayyana a Ihya'u cewa maimaita aiki yana zama ɗabi'a tabbatacciya a zuciya, kuma ba a warware ta sai da mujahada a hankali. Imamu Ƙarafi, malaminmu na Malikiyya, ya rarrabe a littafinsa Furuƙu tsakanin mai sa maye, da mai ɓata hankali, da mai gusar da ji, aka yi rangwame ga kaɗan daga na biyun ƙarshe idan bai taɓa hankali ba. Abin da ilmin yau ya ƙara mana shi ne, kaɗan ɗin ma idan aka dawwama a kansa yana ɗaure mutum, don haka rangwamen lalura yana bukatar likitan da zai ƙayyade adadi da kwanaki.

Mafi nauyin alhaki, a ganina, yana kan wanda zaɓinsa cikakke ne: mai shigo da ƙwayar, da mai sayar wa yaro ba takardar likita, da mai gonar da ke raba wa ma'aikata don su gama masa aiki da wuri. Shi kuwa wanda ya riga ya kamu, ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya, ita giyar ma mataki-mataki aka haramta ta. Mun ga abin da mari da bulala suka haifar sa'ad da 'yan sanda suka buɗe gidajen horo a Daura da Katsina a watan Oktoba na 2019, aka fito da mutane da raunuka a jiki. Yanke tiramol farat ɗaya azaba ce da ke mayar da mutum gare ta, yawanta kuma yana kawo farfaɗiya; hanyar likitoci ita ce a dinga rage adadi sannu a hankali ana lura da majinyaci. Uban da ke Daudawa ko Sabuwa, idan ya nemi wannan ga ɗansa, sau da yawa sai ya yi tunanin asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ko na Dawanau a Kano, da kuɗin mota da haɗarin hanya, alhali mai kemis yana bakin layinsu. Wajibin kifaya ne a kan hukuma da mawadatanmu a horar da ma'aikatan asibitocin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa wannan aiki, limamai kuma su sanar da iyaye daga kan mumbari cewa akwai shi.