Bakolori da Iyakar Maslaha

A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoma a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Bakolori, kusa da Talatar Mafara. Lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, Shehu Kangiwa yana gwamna, Alhaji Shehu Shagari yana shugaban ƙasa. Hukuma ta ce mamatan ba su kai talatin ba. Mutanen wurin da masu binciken da suka bi diddigin abin sun ce ɗaruruwa ne. Abin da ya fito da manoman har suka tare hanyoyin shiga wurin aikin shi ne gonakinsu da diyyarsu. A shekarar nan dai gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da babban shirinta na bunƙasa noma, da nufin kada ɗan ƙasa ya kwana da yunwa.

Tambayar da wannan ya bar mini ta addini ce tun kafin ta zama ta siyasa. Idan aiki zai ciyar da mutum dubu amma sai an karɓe abincin mutum ɗari, ya halatta a yi shi? In ya halatta, da wane sharaɗi, kuma wa ke da hurumin cewa sharaɗin ya cika?

Waɗanda suka tsara Bakolori suna da hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kwashe rumbuna a arewa. Kuɗin man fetur ya shigo, birane sun koyi cin burodi, jiragen ruwa suna ta sauke alkamar Amurka a Legas. Duk shugaban da ya ga ruwan damina yana malala ya wuce a wata uku, sannan ƙasa ta bushe wata takwas, dole zuciyarsa ta raya masa ya tare ruwan nan. Haka gwamnan Kano na lokacin, Audu Bako, ya yi a Tiga a 1974. Na sha bin hanyar Kano zuwa Zariya cikin hunturu, na ga koren Kura da Kadawa ya shimfiɗu iya ganin ido, na tsaya a Kwanar Gafan inda ake jera kwandunan tumatir, samari suna loda wa manyan motocin da za su kudu, mai shayi da mai tuwo da mai faci duk suna samun na cefane. Da yawa daga samarin nan da babu ruwan Tiga da suna ci-rani a wata uwa duniya. Wannan alheri ne, kuma mai musunsa bai yi adalci ba.

To amma a dubi yadda aka yi a Bakolori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya soma ginin a 1974 ya kammala a 1978, a kan gulbin Sakkwato. Tafkin ya cinye kimanin kadada 8,000, har da tsohon garin Maradun, aka kwashe dubban mutane aka mai da su tudu inda ƙasar ba ta kai wadda suka baro ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa kuwa, an hana su shuka yayin da katafila ke baje ƙasa, damina ta zo ta wuce suna kallo. An tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya. Mai zanen taswira yana ganin itatuwan nan a matsayin abin da ke tare wa tarakta hanya. Ga matar gida, ɗorawa daddawa ce, kuka miya ce, kaɗanya mai ce, kuma kuɗin kashewarta ne da ba ta roƙi kowa ba. Ga maigida, itacen shi ne shaidar iyaka, wanda kakansa da kakan maƙwabcinsa suka yarda da shi. Da aka share komai aka dawo rabo, sai rigima ta tashi kan wane ne ke da ina. Diyya ta yi jinkiri, ta zo wa wasu a gutsure, wasu ba su ga sunansu a takarda ba.

Akwai labarai biyu na Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da nake ganin su ne ma'aunin wannan magana. Na farko yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya jawo magudanar ruwa zuwa gonarsa, sai ta bi ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Umar ya lallashe shi ya ƙi, sai ya tilasta aka wuce da ruwan. Masu son aikin raya ƙasa suna son wannan labari, amma su duba dalilin da Umar ya kafa hukuncinsa a kai: magudanar ba ta cutar da mai gonar, shi ma kuma zai sha daga cikinta. Gonarsa tana hannunsa kafin hukuncin, tana hannunsa bayansa, ga ƙarin ruwa. Duk da haka malaman Malikiyya sun ruwaito cewa Malik bai ga a ci gaba da tilasta wa mutane irin wannan ba, don tsoron kada halin mutane da ya canja ya sa mai magudana ya wayi gari yana da'awar ƙasar da ruwansa ya ratsa. Wannan tsoron na Malik ya daɗe yana ba ni mamaki, don ya hango abin da ke faruwa idan mai ƙarfi ya sami ƙofa, ko da ƙofar alheri ce.

Na biyu masu tarihi irin su Ibn Sa'ad ne suka kawo shi. Masallacin Madina ya yi wa jama'a kaɗan, Umar ya nemi gidan Abbas, baffan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don a faɗaɗa. Ya yi tayin saye, ya yi tayin musanya, Abbas ya ƙi. Suka kai ƙara gaban Ubayyu ɗan Ka'ab, hukunci ya ba Abbas gaskiya, halifa ya janye. Sai bayan nan Abbas ya bayar da gidan sadaka da yardar ransa. Masallacin Annabi ke nan, wanda babu wata madatsar ruwa da za ta kama ƙafarsa a daraja.

An kuma ruwaito cewa a faɗaɗa masallacin Makka Umar ya rushe gidajen waɗanda suka ƙi sayarwa, ya ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. Ke nan shari'a ba ta rufe ƙofar karɓar mallakar mutum don maslahar jama'a ba, ta dai ƙuntata ta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta tattara sharuɗɗan: bukatar ta zama ta jama'a ce ta gaske, hukuma ce za ta karɓa, a biya diyya ta adalci nan take wadda ba ta gaza farashin irin abin ba, kuma kada abin da aka karɓa ya koma jarin neman riba. A ɗora wannan kusa da dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Obasanjo ta soja ta kafa. Dokar ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, in an karɓe gona kuma abin da ake biya shi ne amfanin da ke kai da gini da makamantansu, ita ƙasar ba ta da farashi. Manomin da ya gaji gona tun kaka da kakanni sai a lissafa masa kuɗin dawar shekara guda, alhali abin da ya rasa dawar kowace shekara ce har zuwa jikokinsa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne mutanen ƙasan gulbi, don su ko a takardar diyya ba su fito ba. Ba a taɓa gonarsu da katafila ba, ruwansu kawai aka riƙe. Fadamar gulbin Sakkwato tana rayuwa ne da ambaliyar damina: ruwa ya hau ya kwanta, ya bar laka, a yi shinkafa, ya janye a yi lambun albasa da rogo da dankali, kifi ya hayayyafa a tafkuna, shanun Fulani su sami ɗanyar ciyawa da rani. Bayan an datse gulbin ambaliyar ta ragu. Wani masanin Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan a farkon shekarun 1980, ya tarar shinkafa ta ja baya an koma gero da dawa, noman rani ya ragu, kamun kifi ya faɗi. Irin wannan ta sami mutanen Haɗejiya da Nguru da Gashuwa bayan gina madatsar Tiga da ta Challawa, wadda aka gama a 1992. Can ruwan ya daina hawa da sauka a kan lokacinsa, kacalla ta cika hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe wani ya nutse.

Wani dattijo masunci a yankin Haɗejiya ya taɓa nuna mini komarsa a rataye a bango, zaren ya yi fari don rashin shiga ruwa. Na ce, "Baba, ba ku kai kuka ba?" Ya ce, "Ɗana, wurin wa? Wanda ya ci maka iyaka ka san gidansa. Wanda ya riƙe maka ruwa daga nisan kwana da kwanaki fa?"

Addini bai bar wannan dattijo babu hujja ba. A Muwaɗɗa an kawo hukuncin Annabi game da kwararon Mahzur da Muzainib na Madina: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. An ba na sama fifiko, an kuma yanka masa iyaka da abin da kowane manomi zai iya aunawa da ƙafarsa. Wani hadisin ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abin da mutane suka yi tarayya a kansa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi a kan hukuncin ƙasa da hurumi da makiyaya, a wannan yanki na Sakkwato da ake magana a kai. Madatsar ruwa ita ce na sama mafi girma da aka taɓa gani, tana iya riƙe damina sukutum. Ban ga yadda girmanta zai sauke mata wajibin da aka ɗora wa mai lambu guda ba. Sakin ruwa ga na ƙasa a lokacin da shukarsu da kifinsu ke bukata haƙƙi ne a kanta.

Sabon tsarin ya kuma sauya wanda manomi ke tsoro. Mai jigo a bakin rijiyarsa Allah yake roƙo, sai ƙarfin damtsensa. Manomin filin ban-ruwa yana jiran ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa, yana jiran tarakta, yana jiran takin zamani da ake rabawa ta hannun 'yan siyasa, kuma kowa a karkara ya san yadda buhun taki ke neman gidan ɗan jam'iyya. Wanda bai iya kuɗin iri da taki da magani ba sai ya ba da gonar haya ko jingina ga ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci, ya dawo yana ƙwadago a cikinta. A ƙididdigar hukuma amfanin wannan gona ya ƙaru, kuma gaskiya ne ya ƙaru. Mai ita ne ya tashi daga maigida ya koma ɗan aiki, kuma mutumin da cikinsa ke hannun wani ba ya iya ɗaga murya ranar zaɓe ko a gaban hakimi.

Har rabon miskini ya taɓu. Mai gero da dawa da shinkafa in ya kai nisabi yana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa ne, kuma a masussuka ake fitarwa, a gaban idon gwauruwa da almajiri da tsohuwa mai kala. A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakkar amfanin gona a kan tumatir da albasa da sauran kayan lambu, sai dai kuɗinsu in ya kai nisabi ya shekara. Gonar da ta bar hatsi ta koma tumatir, mai ita kuma yana zaune a birni, tana iya ninka riba alhali ko mudu guda bai shiga gidan matalaucin ƙauyen ba. Wannan gurbi ne da ya kamata malamanmu su zauna a kansa.

Akan ce mini abin ya wuce, jikokin waɗancan manoma ga su suna noman shinkafa da ruwan Bakolori suna samu. Ina yi musu murna. Sai dai maslaha a hannun mai tsara aiki jimilla ce: ya tara riba, ya ɗebe hasara, in saura ya fi sai ya sa hannu. Hisabin da aka koya mana tun muna makarantar allo mutum-mutum ake yin sa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi gargaɗi mai tsanani a kan cin taƙi guda na ƙasar wani, kuma bai keɓe wanda ya ci don ya shuka alkama ba. Samun da Audu ya yi ba ya biyan bashin da Tanko ke bi, ko da su 'yan uwa ne.

A fiƙihu haƙƙin dukiya da na jini ba sa mutuwa da mutuwar mai su, magada ne ke gadonsu. Magadan mutanen Birnin Tudu da Maradun suna nan a Jihar Zamfara, an san gidajensu, dattawan da suka ga abin da idonsu ba su ƙare ba tukuna. Ana iya zama da su a rubuta sunayen waɗanda aka kashe, a ƙidaya gonakin da ba a biya ba, a biya. Duk wata sabuwar madatsa ko babbar gonar kamfani da za a yanka nan gaba kuma, a fara kai takardar gaban masu gonakin da masunta da makiyayan da ke ƙasan ruwan, a biya wanda za a biya, kafin katafila ta sauka daga kan mota.