Irin Dabba Na Gari Amana Ce

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana dabbobin ni'ima. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a cikin Suratul An'am Allah Maɗaukaki Ya lissafa tumaki da awaki da raƙuma da shanu, ko wanne namiji da mace. Haka nan Ya umurci Annabi Nuhu (A.S.) da ya ɗauki biyu-biyu daga kowane jinsi a cikin jirgi. A nan akwai izina: tsare iri daga ɓacewa aiki ne na Annabawa.

Mu mutanen Kurfai, Allah Ya ba mu rabo babba a wannan fage, wato saniyar Azawak. Ja ce, mai gajeren ƙaho, mai jure zafi da doguwar tafiya, kuma tana cikin shanun Sahel da suka fi ba da nono. A shekarar 1954 aka kafa gidan kiwo na Tukunus, arewa da Filinge, domin a tace wannan iri a kuma yaɗa shi. Dattawanmu sun ga yadda farin 1973 da na 1984 suka share garkuna. Wanda ya tsira da 'yan karsanoni na gari, shi ne ya sake tsayawa da ƙafafunsa.

To amma ina muke a yau? Da yawanmu, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, muna ajiye saniya biyu ko uku a bayan gida don sha'awa. Sai mu sake su, kowane sa ya hau su, iri ya gauraye. In biki ya taso, karsanar da ta fi kyau ita muke kai wa mahauci. Alhali kuwa ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi mutumin Madina da ya tashi yi masa yanka da kada ya taɓa mai ba da nono.

Saboda haka muna yi wa kanmu da ku wasiyya da abu huɗu. Mu nemi bajimi wanda aka san asalinsa, ko da maƙwabta ne za su haɗa kuɗi su saye shi tare. Mu tanadi harawa da kara da dusa tun daga kaka. Kada mu tatse saniya ƙaf mu bar maraƙi da yunwa. In kuma tilas ta sa za mu sayar, mu fara da tsofaffi da maza, mu bar karsana.

Wannan iri gado muka same shi, kuma za a tambaye mu yadda muka bar wa 'ya'yanmu shi. Allah Ya sa albarka a garkunanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.