Tafiya da Jariri: Sawun Wa Za a Bi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ranar jajiberen Salla ya ga irin wannan: magidanci yana gaba riƙe da jaka, matarsa tana biye da ɗanyen goyo, ɗan yaye yana jan bakin zanenta, babban yaron kuwa yana ɗauke da buta. Uban ya lissafa kuɗin mota, uwar ta yarda, yaran an gaya musu za a je gaida kaka, suna ta murna. Mutum guda ne kaɗai ba a yi shawara da shi ba, watau jaririn, alhali kuwa shi ne tafiyar ta fi yi wa haɗari. To, abin tambaya a nan shi ne, ko daidai ne a ɗauki wanda ba ya iya cewa i ko a'a a shiga hanya da shi?

Waɗansu sun ce ba daidai ba ne, kuma suna da hujja. Iyayenmu ba su tsare mai jego a ɗaki kwana arba'in don son wahalar da ita ba, sun lura ne cewa a cikin waɗannan kwanaki uwa da ɗa ba su yi ƙwari ba. Sai an gama wanka sa'an nan a yi yawon arba'in, a kai yaro gidajen dangi. Likitoci ma sun tabbatar cewa kwana 28 na farko su ne mafi haɗari a rayuwar yaro, domin jikinsa bai iya tsare ɗuminsa ba, ciwo kaɗan kuwa ya kan kayar da shi cikin dare guda.

Waɗansu kuma sun ce ai duniya ba ta taɓa tsayawa don an yi haihuwa ba. A shekara ta 10 bayan Hijira, Asma'u 'yar Umaisu, matar Sayyidina Abubakar, ta haifi ɗanta Muhammadu a Zul Hulaifa, ana kan hanyar Hajjin Bankwana, ba a ce ta koma Madina ba, ta ci gaba da tafiya. A ƙasarmu ma, bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, maza da mata da yara, har suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, a garin da a ke kira da sunansa. Alhazan ƙasa kuma sun riƙa bi ta Maiduguri da Abeshe da Alfashir, suna tafe suna aiki, su yi shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya, waɗansu su isa Makka da 'ya'yan da aka haifa a hanya. Ga Fulanin tashi, waɗanda in ciyawa ta ƙare sai a ɗaure kaya bisa takarkari, ko da an yi haihuwa jiya.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma mu lura, tafiya iri biyu ce: akwai ta dole, akwai ta ganin dama. Matar da ta goya ɗanta ta gudu daga ƙauyensu a Borno, cikin fitinar da ta ɓarke a 2009, ba wanda zai tambaye ta me ya sa ba ta jira arba'in ba. Nauyi ya sauka daga kanta, ya hau kan wanda ta iske, ya ba ta inuwa da ruwa da tabarma. Amma magidancin da ya tayar da mai jego ta kwana goma don kada a ce ba a gan su wurin biki ba, wannan ya ɗora wa ɗansa wahala ne don gudun maganar mutane. Haka kuma mutumin Turai ko Amurka da ya kan kwashi iyali su kafa tanti a daji don hutu. Babu laifi cikin shan iska, amma daji ba zai gudu ba in an jira yaro ya yi ƙwari.

In kuwa tafiya ta kama, to, ga ma'auni. Madugu nagari, zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, ba ya auna nisan zango da ƙarfin dokinsa, sai da ƙarfin jakin da ya fi kowanne gajiya, domin ya san ayarin da ya bar kayansa a hanya bai isa ba, ko da madugu ya isa. Magidanci shi ne madugun gidansa, jariri kuwa shi ne mai rauni a ayarin. Saboda haka sawunsa za a bi. Addini ma ya nuna mana haka, ya rage wa matafiyi salla, ya yardar wa mai shayarwa ta sha azumi ta rama in ta ji wa ɗanta tsoro. In Ubangiji ya sassauta abin da ya wajabta, ina dalilin miji da zai tsananta kan abin da shi ya ƙaga?

Bin sawun jariri kuwa aiki ne. Kafin a tashi, a tabbata an yi masa rigakafin haihuwa, na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta, a kuma riƙe katinsa, domin akwai na mako 6 da 10 da 14, kada hanya ta sa a tsallake su. Guzurinsa yana jikin uwarsa, nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ba ya bukatar ruwa ko da bazara ne. Ashe ke nan wanda ya ƙoshi da uwa, ya shayar da ita, ya tsaya ta huta ta ba da mama, shi ne ya yi wa jariri guzuri. Da hunturu a sa masa hula a rufe shi, cikin zafin mota kuwa kada a lulluɓe fuskarsa da mayafi har numfashi ya gagare shi.

In kwana ya kama a hanya, a yada zango tun da sauran rana. A zaɓi tudu, nesa da kududdufi, kada a kwanta cikin ƙorama da damina don an ga ta bushe, domin ruwan da aka yi can nesa ya kan zo cikin dare. A share wurin saboda kunama da maciji, a ɗaura gidan sauro, a nesanta jariri daga hayaƙin wuta. Kada kuma hankali ya tafi kan goyo a manta da yayyensa. Ɗan shekara uku shi ne zai nufi wuta ko bakin rijiya, shi ne kuma zai sha ruwan tafki. A tafasa musu ruwa, a sa babba guda ya zama idonsa na kansu.

Abu mafi wuya ga magidanci shi ne fasa niyya. In jariri ya ƙi mama, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya shiga jijjiga, to, tafiya ta ƙare a nan, sai asibiti mafi kusa, ko da an biya kuɗin mota har ƙarshen hanya, ko da dangi sun dafa abinci suna jira. Kuɗi a kan sami waɗansu, dangi kuwa za su yi fushi su huce.

Wani zai ce, ai rai da ajali a hannun Allah su ke. Gaskiya ne, amma ɗa amana ne, kuma mai amana ba a tambayarsa ajali, ana tambayarsa abin da ya yi ne. Jariri ba shi da bakin da zai ce, "Baba, mu tsaya." Don haka kafin ka ɗaure kaya, ka tambayi kanka abin da zai ce da yana da baki, ka kuma tambayi uwarsa, domin ita ce ta fi kowa jin harshensa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai mu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.