Sauƙin Da Ba Mu Iya Gyarawa

Duk wanda ya saba zama a garejin kanikawa a Sabon Gari ya san wannan yanayin. A-kori-kura ce, Hilux mai shan gas, 'yar gwanjo, an ɗaga ta a kan jak. An sauke giyabos an ajiye a ƙasa, jan mai na ɗiga cikin yankakken galan. Mai motar na tsugune a gefe. Sana'arsa ɗauko masara daga Giwa zuwa kasuwar Samaru, kuma yau kwana tara motar ba ta kawo ko sisi ba. Sai bakanike ya goge hannu ya ce, "Alhaji, mu mayar da ita manuwal kawai ka huta."

Wannan kalma ta hutu ita ke ɗaure mana kai. Ai don hutun aka ƙirƙiro atomatik. Tun wajejen 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da motocin da ke sauya giya da kansu, don ƙafar hagu ta daina wahala. Ga mu nan kuma muna biyan kuɗi a cire mana sauƙin a dawo mana da wahalar, har muna kiran hakan hutu. Wauta ce ko hikima?

Aikin ba ƙarami ba ne. Ba giyabos kaɗai ake sauyawa ba. Sai an nemo filawil, da faifan kuloci da marikinsa, a huda gaban direba a dasa mataki na uku kusa da birki, a ja masa bututun mai. Sau da yawa furofela ba ta dacewa, domin tsawon giyabos biyun ba ɗaya ba ne. Idan motar ta zamani ce, kwamfutar injin za ta yi ta cigiyar tsohuwar giyar da aka raba ta da ita, sai an kira mai gyaran waya ya lallashe ta. Mutum ba ya shiga wannan ɗawainiya don nishaɗi.

Hujjar mai motar tana da ƙarfi, kuma mun yarda da ita. Kuloci idan ya cinye yakan yi gargaɗi: ya yi ƙauri, injin ya yi ta kuka mota ba ta ja. Yaron gareji ma ya san ciwon, kuma a wuni guda an gama. Atomatik kuwa cikinta duhu ne ga yawancinmu. Ranar da ta ƙi, maganar ɗaya ce, a sayo wata 'yar gwanjo wadda ba wanda ya san nisan da ta yi a ƙasarsu, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya zama abin tsoro. Sannan ga turi. Tsohuwar manuwal idan batir ya yi sanyi a bakin gona, majiya ƙarfi huɗu sun isa su tashe ta. Atomatik ko ƙauyen duka ya fito ba ta tashi. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma sauƙin da gyaransa ke hannun wasu can nesa, aro ne ko da da kuɗinka ka saye shi. Iyayenmu da suka ja Fijo 404, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun mallaki motocinsu ta hanyar da mu ba mu mallaki namu ba, domin babu kusoshin da ba su san wurinsu ba.

Amma akwai abin da ke cizon mu a cikin shawarar bakaniken. Shin ya ce a mayar manuwal don ita ta fi dacewa da hanyar Giwa, ko don ita kaɗai ya iya? Sau nawa atomatik ta mutu ba don tsufa ba, sai don an zuba mata man da ba nata ba, ko an bar ta shekaru ba a sauya shi ba, ko an labta mata kayan da ya fi ƙarfinta har man ya ƙone? Mu muka kashe ta, sannan muka ce ba ta da ƙwari. A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da cibiyar nazarin fasahar sufuri ta ƙasa a hanyar Basawa, abin kunya ne a ce duk abin da ya shige mana duhu maganinsa a cire shi. Yaron da ke riƙe wa maigidansa sufana yana kallo. Darasin da yake ɗauka shi ne, abin da ba ka gane ba ba a buɗe shi, yar da shi ake yi. Shi kuma motocin da zai tarar idan ya girma ba za su yarda a yi musu haka ba.

To, mu bar wannan, domin mai buhunan masara ba zai jira mu gama karatu ba. Yana da iyali, kuma in mu ne a tsugune a wurin, da mun ce a mayar.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wata 'yar waya. Motar atomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N. Masu ƙira sun sa wannan makulli don kada mota ta zabura da mutum. Idan aka mayar da ita manuwal, makullin ya rasa abin da zai duba, motar ta ƙi tashi. Mai tsoron Allah yakan ɗaura shi a matakin kuloci, yadda sai an taka za ta tashi. Mai gaggawa kuwa haɗe wayoyin biyu yake yi ya naɗe da salatif. Minti biyu, ba wanda ya gani. Daga ranar, duk wanda ya murɗa makulli motar na cikin giya, za ta yi tsalle gaba, ko da yaro ne ke wasa a gabanta.

Bayan shekara biyu Alhaji zai sayar da motar. A fiƙihun da muka gada, ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da damar mayarwa idan ya gano. Sai dai Alhaji zai rantse bai ɓoye komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin shi ma bai sani ba. Bakanike zai ce aikin da aka biya shi ya yi. Dillali zai buga bonet ya ce haka ta zo daga kamfani. Kowa ya fita, wayar kuma tana nan a ƙarƙashin sitiyari.

La'asar ta yi aka sauke motar daga jak. Alhaji ya shiga, ya taka sabon matakin sau biyu, ya ji ya yi masa daidai, ya tambayi nawa ne cikon kuɗin. Bai tambayi wayar ba. Mu ma da muke zaune a benci muna shan rake, ba mu ce komai ba.