Laka ta Taɓu: Ko Kowace Hanyar Waraka ta Halatta?

Da wuya a sami ɗayanmu a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa wanda bai san gidan da ake jinyar wani a kwance ba, bayan haɗarin mota a hanyar Falgore ko Kwanar Dangora, ko faɗuwa daga kan babur. Akan kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, a gyara ƙashin baya, amma likita ya ce laka ta taɓu. Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, kuma idan ta tsinke ba ta haɗuwa kamar yadda ƙashi ke haɗuwa a hannun mai ɗori.

A shekarar 2006 wani masani ɗan Japan, Shinya Yamanaka, ya gano yadda za a ɗauki ƙwayar halitta daga fatar ɓera a mayar da ita halinta na fari, ta yadda za ta iya zama jijiya ko tsoka. A 2007 ya yi haka da ƙwayoyin ɗan Adam, aka ba shi lambar Nobel a 2012. A watan Disamba 2021 likitocin Jami'ar Keio da ke Tokyo suka fara dasa irin waɗannan ƙwayoyi, kimanin miliyan 2, a lakar wanda bai daɗe da jin rauni ba. A watan Maris 2025 suka bayyana sakamakon mutum huɗu: ɗaya ya iya tsayawa da kansa, ɗaya ya sami motsi a hannu da ƙafa, biyu kuwa ba su sami sauƙi mai yawa ba.

To, ko wannan ya halatta ga mai bi? Wasu za su ce shiga aikin Allah ne. Amma likitan bai halicci kome ba. Abin da Allah ya riga ya ajiye cikin jiki ne ya gano, kuma neman magani ba gardama da Mahalicci ba ce. Tambayar da ta fi nauyi ita ce daga ina aka samo ƙwayoyin. Akwai wata hanya, wadda aka gwada a Amurka a 2010, inda ake samo su daga ɗan tayi mai kwanaki kaɗan, wanda ke hallaka wajen ɗibarsu. Ikilisiya, cikin takardar Dignitas Personae ta 2008, ta ƙi wannan, ta kuma amince da ƙwayoyin da aka samo daga babban mutum ko daga cibiya ba tare da cutarwa ba. Mun san zafin wannan magana ga uwar da ɗanta ke kwance. Duk da haka, ba a biyan lafiyar wani da ran wani, ko da mai ran bai kai ƙwayar gero ba. Bisa wannan ma'auni, hanyar Yamanaka ta zama abin godiya, domin ba ta bukatar a kashe kowa.

Sai dai halaccin hanya bai ɗauke mana nauyin faɗar gaskiya ba. Gwaji a kan mutum huɗu bai zama magani ba tukuna, kuma masana na sa ido kada ƙwayoyin su rikiɗe su zama ciwon daji. Saboda haka duk wanda ya zo yana cewa a sayar da gona ko shanu domin allurar da za ta tayar da gurgu, a yi hattara da shi. Cinikin begen mara lafiya zunubi ne.

A Bisharar Markus, sura ta 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye zuwa wurin Yesu, kuma kafin waraka ta zo sai da aka sami masu ɗauka. Wannan shi ne rabonmu a yau. Idan haɗari ya auku, kada mu lanƙwasa wanda ya ji rauni a wuya ko baya mu cusa shi a mota, a kwantar da shi a miƙe bisa katako. Wanda ke kwance a riƙa juya shi domin kada bayansa ya yi gyambo. Zumuntar mata da ta matasa su haɗa kuɗin keken guragu, a kai masa Jibi Mai Tsarki har gida, a nome masa gonarsa da damina.

Darajarsa ba a ƙafafunsa take ba. Allah ya albarkaci aikin masu bincike, ya kuma ba mu zuciyar ɗaukar junanmu. Amin.