Tsarkin Ruwa da Ikon Hukuma Kan Dagwalon Masana'antu a Riyad

Riyad birni ne da ke tsakiyar Najdu, inda babu kogin da ke gudana duk shekara, kuma kaso mai yawa na ruwan da mazaunansa ke sha daga gaɓar teku ake janyo shi ta bututu, tun daga Jubail, bayan an cire masa gishiri. Ruwan da aka sha irin wannan wahala kafin a same shi ba a barinsa ya salwanta bayan amfani ɗaya, shi ya sa tambaya ta taso da wuri a Saudiyya a kan ko ruwan kwata da aka tace yana komawa mai tsarki. A shekarar 1978 Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ta yanke cewa idan aka tace shi har najasa ta gushe daga launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, to ya tsarkaka, ana alwala da shi, har ma a sha matuƙar ba zai cutar da lafiya ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙar. Siffofin nan uku, waɗanda duk almajirin da ya karanta babin tsarki a zaure ya haddace, awo ne da ido da harshe da hanci ke iya yi, alhali dagwalon masana'anta yana ɗauke da ƙarafa masu guba, irin su dalma da kuromiyam ɗin da majemu ke jeme fata da shi, waɗanda kan narke a ruwa kaɗan kaɗan, ruwan ya fito garau, babu wari. Matatar ruwan kwata irin ta Manfuha da ke Riyad kuwa ta dogara ne da ƙananan halittu masu cinye ƙazanta, kuma waɗannan ƙarafa kan kashe su, ko su kwanta a cikin laka da ruwan da za a kai gonaki. Ruwa ke nan da zai iya halatta ga alwala a zahirin hukunci, amma ya haramta a shayar da shuka da shi, don haka mas'alar ta fita daga babin tsarki ta shiga ƙa'idar kawar da cuta, da kuma aikin hisba, wato sa idon hukuma a kan abin da ya shafi jama'a.

A kan wannan tushe ne dokar ruwan kwata ta Saudiyya ta shekarar 2000 da dokokinta na ruwa da muhalli na 2020 suka samu hujja a shari'a, musamman wajabta wa masana'anta ta tace dagwalonta kafin a haɗa bututunta da magudanar gari. Mai masana'anta na iya cewa dukiyarsa ce, kuma ya biya kuɗin haɗi, sai dai magudana mallakar kowa ce, kuma manomin Ha'ir da ke kudancin birni, inda ruwan Wadi Hanifa ke gangarawa, bai halarci cinikin ba ballantana ya yafe haƙƙinsa. Wannan kwari na Wadi Hanifa mai tsawon kusan kilomita 120 ya daɗe yana zaman juji kafin a gyara shi, aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 2010. A Kano, inda majemun Sharaɗa da Challawa suka shekara da shekaru suna sakin ruwansu zuwa kogin da ake noman rani da shi, mas'alar iri ɗaya ce, sai dai malamai ba su cika tattauna ta a matsayin ta fiƙihu ba.